Kwana a daji da gangan: wa ya taɓa yi a bakin gandun W?

Ɗan Zango: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya, amma don Allah kada a yi mini dariya. Mu biyar ne, abokai tun daga lakwal, muna so idan hutun ƙarshen Disamba ya zo mu tafi bakin gandun namun dajin W da ke kudu da Yamai mu kafa tanti mu kwana uku. Ba otal muke nema ba. Wuri muke so cikin itatuwa, inda babu rezo, babu ƙarar injin, mu dafa namu da kanmu, da safe mu shiga gandun da ɗan jagora mu ga giwa. Akwai wanda ya taɓa yi a cikinku? Ta ina ake bi, me ake ɗauka?

Hajiyar Birni: Wa alaikumus salam. Ka ce kada a yi dariya, to ni na riga na yi. Iyayenmu sun yi ta roƙon Allah ya raba mu da kwanan ƙasa, ya amsa, ga katifa ga fanka, ku kuma za ku biya kuɗin mota ku je neman kunama. Innarka ta san da wannan shawara?

Ɗan Zango: Hajiya, ban gaya mata ba tukuna.

Hajiyar Birni: Na sani ai.

Direban Kat-kat: Bari in ba ka hanya kafin su cinye ka da baki. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne: Takeita, Tasawa, Maraɗi, Madawa, Ƙonni, Dogondutsi, Doso, sannan Yamai. Wuni guda cur. Daga Yamai ka haye kogi ka yi kudu, ka bi ta Sayi, ka wuce Tamu, ka iso Tapowa, nan ce ƙofar gandun, wajen kilomita 150. Bayan Sayi jar ƙasa ce, ƙaramar mota ba ta jin daɗinta. Wannan ita ce hanya. Amma ni yau ko jika nawa za ka ba ni ba zan kai ka ba. A kira Baba Malamin Daji ya yi maka bayani, shi ya zauna can.

Tsohon Malamin Daji: Ina karantawa tun ɗazu, shayi ne a hannuna. Ɗana, shawararku ba ta hauka ba ce, lokacinta ne ya wuce, ko in ce bai dawo ba tukuna. Na yi aiki a Tapowa ina matashi, kuma babu kwanan da na yi a rayuwata da ya kai na can daɗi. Amma shekarun nan masu ɗauke da makamai sun shige dajin, ta gefen Nijar, ta gefen Burkina Faso, ta gefen Benin. Ka tuna watan Mayun 2019, a gandun Panjari na Benin, an sace Faransawa biyu masu yawon buɗe ido, aka kashe ɗan jagoransu. Ka tuna ranar 9 ga Agustan 2020 a Kure, wurin raƙuman dawa, kilomita 60 kacal daga Yamai, an kashe mutum takwas, Faransawa shida da ƴan ƙasarmu biyu, direba da ɗan jagora. Kure fa bakin gudron take. To ina ga Tapowa da ke can cikin lungu? Samari biyar da tanti da tocila cikin dare a wannan yanki, ko jami'an tsaro ne suka hango ku ba su san ko ku waye ba. Ku bar W yanzu.

Ɗan Zango: Baba, na ji. Gaskiya jikina ya yi sanyi. Amma tunda ka ce babu kwanan da ya kai na can, ba mu labari mana, ko a kunne mu je.

Tsohon Malamin Daji: To. Da farko sunan. Wasu na zaton W gajarta wata kalma ce. A'a. Kogin Kwara ne ya yi lanƙwasa a wurin, ya tafi ya dawo ya tafi ya dawo, in ka duba taswira sai ka ga harafin W sak. An mai da shi gandu na ƙasa a 1954, tun zamanin Faransawa. UNESCO ta sa ɓangarenmu cikin kayan gadon duniya a 1996, a 2017 aka haɗa shi da Arli na Burkina da Panjari na Benin suka zama abu ɗaya. Namu kason hekta dubu 220 ne, tsakanin kogin Tapowa a arewa da Mekuru a kudu, wanda shi ne iyakarmu da Benin.

Masu zuwa kwana ba ko'ina ake barinsu su sauka ba. A lokacin akwai kampama, wato masaukin baƙi, a bakin gandun, akwai kuma wuraren da aka ware a gefen kogi, kamar wajen Kare Kopto da Bumba, inda Mekuru ke faɗawa cikin Kwara. Ni wanda ya fi zauna mini a rai wani ɗan fili ne ƙarƙashin tsamiyoyi, bayansa kukoki manya, gabansa ruwa. In la'asar ta yi sai zabin daji su fito jere kamar masu zuwa kasuwa. Da magariba ta faɗi kuwa, sai ka gane ashe daji ba shiru gare shi ba. Dorina na gurnani cikin ruwa kamar ana jan turmi a kan dutse. Kura na kuka can nesa. Wani dare na ji zaki, sau ɗaya ya yi, kuma na rantse ba da kunne na ji shi ba, a ƙirji na ji shi. Wani Bature da muke tare ya fito daga tantinsa da takalmi ƙafa ɗaya yana tambaya ko ya kusa. Ɗan jagoranmu, wani dattijon Bagurme, ko juyawa bai yi ba, ya ce wanda ke kusa ba ya magana.

Giwa kuma ba ka jin tafiyarta. Reshe za ka ji ya karye, ƙas, shi ke nan. Da safe ka ga sawu kamar faifai taku ashirin daga inda ka sa kai.

Ƴar Jami'a: Baba wallahi ka ƙara mana kwaɗayi ne, ba ka rage ba.

Hajiyar Birni: Ni kuwa ya ƙara mini godiya ga ɗakina.

Ɗan Miriya: Ku yi haƙuri in faɗi tawa, ko ba ta yi wa wasu daɗi ba. Wannan abu al'adar Nasara ce. Su da suka tashi cikin bene ba su taɓa ganin taurari ba, su ya kamata su biya kuɗi su kwana a ƙasa. Ni duk kaka ina kwana a gona ina gadin damman hatsi. Makiyayi yana kwana a daji wata da watanni. Masu zuwa Balma da raƙuma ɗauko gishiri da dabino suna kwana bisa rairayi makonni. Ba wanda ya taɓa kiran wannan nishaɗi. Yanzu yaran birni sun gani a Facebook suna so su sayi tanti. In kwanan daji kuke so ku zo gonata ku taya ni gadi, kyauta, har fura zan ba ku.

Ƴar Jami'a: Kawu, ka yi gaskiya rabi. Amma gonarka ba daji ba ce. Yaushe rabon da ka ji kukan kura a Miriya? Kakata tana ba mu labarin barewa da jimina a arewacin Tanut kamar labarin awaki, ni kuwa ban taɓa ganin ko ɗaya a sake ba, sai a gidan ajiye kayan tarihi na Yamai cikin keji. Ku kun samu dajin kyauta, kuka tashi a cikinsa, shi ya sa ba ku ga abin kallo ba. Mu da muka zo ya ƙare, dole mu yi tafiyar kilomita dubu mu ga abin da kuke gani a bayan gari.

Ɗan Miriya: Ƴata, ba mu muka cinye shi ba, fari ne. Ki tambayi duk wanda ya ga 1973 da 1984.

Tsohon Malamin Daji: Fari ya yi nasa, gatari ya yi nasa, bindiga ta yi nata. Kada mu ɗora wa sama komai. Amma in ba ka haƙƙinka, mutumin Miriya: ku manoman Miriya da Magarya da Matamai ku kuka maido da gawo cikin gonaki, ta hanyar barin tsiron da ya fito da kansa kuna sassabe shi kuna raino. Masana daga ƙasashe suna zuwa kallon wannan aiki. Sai dai gawo a gona daban, daji mai namunsa daban.

Ɗan Kasuwar Dole: Ni ban gane wahalar da kuke nema ba. Yankari na nan. Daga nan zuwa Kano kilomita 240 ne ko kusa da haka, daga Kano ka wuce Bauchi, daga Bauchi zuwa sansanin Wikki kamar kilomita 110. Ya fi Yamai kusa nesa ba kusa ba, kuma duk hanya Hausa za ka yi. Na je sau biyu. Daga ƙofar Mainamaji za ka yi tafiyar kilomita arba'in da ɗoriya cikin daji kafin ka iso sansanin, to ka ga ke nan a tsakiyar gandun kake kwana. Akwai ruwan Wikki da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina, garau har kana ganin yatsun ƙafarka. A sanyin Disamba ka shiga wannan ruwa da asuba, ba za ka so fita ba. Akwai giwaye, akwai ɓauna, akwai gwanki, ana fita da mota a bi gefen kogin Gaji.

Ɗan Zango: Alhaji, amma can ɗakuna ne ko? Mu tanti muke so.

Ɗan Kasuwar Dole: Ɗakuna na kwana. In tanti kuke so sai ku tambayi masu kula da wurin tun kafin ku tashi, kada ku je ku kafa gaban kanku. Amma bari in gaya maka abin da zai sa ka so ɗaki mai ƙofa: birai. Manyan nan masu bakin kare. Na ajiye ledar kilishi a kan mota, kilishin Damagaram na gaske da na ɗauko don tsaraba, na juya in ɗauki buta, kafin in waiwayo wani ƙato ya sure ta ya hau bisa rufi ya zauna yana ci yana kallona ido cikin ido. Har yaji bai dame shi ba. Gyadon daji kuma suna yawo tsakanin ɗakuna kamar tumakin unguwa.

Hajiyar Birni: Alhaji, birin nan ya san abu mai kyau. Allah ya sa ya yi maka addu'a.

Direban Kat-kat: Yankari ba laifi, amma a tuna ƙetare iyaka ne. Takardunku su cika, katin rigakafi, takardun mota in da taku za ku. An rufe iyakar nan bayan juyin mulkin Yulin 2023, sai a Maris 2024 aka buɗe. Kuma can ma a tambayi labarin hanya a makon da za a tashi, ba labarin bara ba. Ni duk tafiya sai na kira direbobin da suka bi jiya.

Ƴar Jami'a: Me ya sa ba wanda ya ambaci gandun Tarmit? Ai namu ne, ta Gure da Taskar ake shiga. An kafa shi a 2012, murabba'in kilomita dubu 97 a lokacin, yana cikin mafi girma a Afirka. Can ne sauran adaks na ƙarshe da ke rayuwa a sake suke, farar dabbar nan mai murɗaɗɗen ƙaho.

Direban Kat-kat: Ƙanwata, Tarmit ba wurin hutun kwana uku ba ne. Hamada ce da duwatsu baƙaƙe. Mota ɗaya ba ta shiga, sai biyu, da gangunan isansi da na ruwa, da izinin hukuma, da wanda ya san rijiyoyi. Kuma yaron nan itatuwa ya ce yana so. A Tarmit in ka samu itace ɗaya mai inuwa sai ka yi masa sallama.

Tsohon Malamin Daji: Gaskiyar direba. In raƙumin dawa kuke so ku gani ba tare da kun je Kure ba, akwai Gadabeji a ƙasar Dakoro, jihar Maraɗi. Tsohon gandu ne, tun 1955. A watan Nuwamban 2018 aka ɗauko raƙuman dawa takwas daga Kure aka kai can, tafiyar sama da kilomita 800 cikin manyan motoci. Ku san cewa irin wannan raƙumin dawa a 1996 guda 49 kaɗai suka rage a duniya, dukansu a Nijar, aka yi ta kiyaye su har suka haura 600. Amma Gadabeji ma fili ne na makiyaya, itatuwa jefi-jefi, kuma sai an nemi izini an ji ta bakin hukuma game da tsaro.

Ni ga shawarata. Ba ku taɓa kwana a daji ba, ko? To kada ku fara da giwa. Ku fara da Takeita. Kilomita 50 daga nan, bakin gudron, akwai gandun daji na gwamnati da ya haura hekta dubu 6, sabara da geza da kalgo da tuddai. Babu zaki, babu dorina. Akwai zomo, akwai dila, akwai tsuntsaye, akwai duhu na gaske da taurari. Ku je ofishin malaman daji ku gaya musu, ku gai da mai gari, ku nemi wani ɗan ƙauyen ya kwana tare da ku ku sallame shi. Dare ɗaya. In kun wayi gari kuna son juna, sai a yi maganar Yankari.

Ɗan Zango: Baba, Takeita fa? Inda muke tsayawa sayen rake? Abokaina za su ce na rage musu daraja.

Tsohon Malamin Daji: Tasha ka sani, ba ka san dajin ba. Ka yi nisan kilomita biyar daga gudron, ka kashe salula, ka jira ƙarfe biyun dare, sannan ka zo ka gaya mini maganar daraja.

Majon Likita: Tunda abin ya fara zama gaske, bari in sa baki. Ruwa shi ne farko: kowane mutum ya lissafa lita 5 a wuni don sha kaɗai, ban da girki da alwala. Bido biyu na lita 25 ba su yi muku yawa ba. Na biyu sange, ko da sanyi ne, musamman in kusa da ruwa kuka sauka, don zazzaɓin sauro ba ya nuna kansa sai bayan mako ɗaya ko biyu, kun dawo gida kun manta. Na uku takalmi rufaffe da tocila ga kowa, ba tocila ɗaya ga mutum biyar ba. Mafi yawan saran maciji da muke gani, mutum ne ya fita fitsari da dare da silifa, ko ya sa hannu cikin tarin itace. Kububuwa ƙarama ce, launinta na ƙasa, amma dafinta yana hana jini daskarewa. In ta faru, Allah ya kiyaye, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum a mota zuwa likita nan take. Shi ya sa ma nake goyon bayan Takeita: awa ɗaya kun iso Damagaram. Da safe kuma a zazzage takalmi kafin a sa ƙafa, kunama na son ɗumi.

Ɗan Miriya: Majo, mu da muke da mai maganin maciji a ƙauye fa?

Majon Likita: Kawu, ina girmama shi. Amma waɗanda ake kawo mana bayan kwana biyu jini na fita ta dasashi, daga wurinsa ake kawo su. A fara zuwa wurinmu, addu'a ta biyo mu a hanya.

Malam na Garin Malam: Madalla da Majo. Ni ma in ƙara abin da ya sawwaƙa. Fita kallon halittar Allah ba aibi ba ce, Alƙur'ani ma ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba. Kuma ladubban sauka a daji suna nan cikin hadisi tun kafin a ƙera tanti na zamani. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya sauka a wani masauki ya ce "A'uzu bi kalimatillahit tammati min sharri ma khalaƙ", babu abin da zai cuce shi har ya tashi daga wurin. An kuma hana yada zango a kan hanya da dare, domin ita ce mabiyar dabbobi da ƙwari. An yi umarni a kashe wuta kafin a kwanta. An hana yin bayan gida a inuwar da mutane ke hutawa da kan hanya da mashayar ruwa. Ku duba, duk abin da malamin daji zai gaya muku ne. Abu ɗaya: Takeita ba ta kai nisan ƙasaru ba a mazhabarmu, don haka salla cikakkiya za ku yi, kada wani ya ce shi matafiyi ne.

Tsohon Malamin Daji: Allah ya saka, Malam. Maganar wutar nan ita ce ta fi damuna, bari in daɗe a kanta. Disamba ciyawa ta bushe ƙayau, iskar hunturu na kaɗawa. Garwashi ɗaya daga murhun shayi ya isa ya cinye abincin dabbobin ƙauye goma. Duk shekara bayan damina muna jin gobarar daji a wajen Tanut da Gure da Belbeji, makiyaya su wayi gari ba abin da shanunsu za su ci har wata damina, shi ya sa ake share hanyoyin tare wuta da hannu. Na taɓa kwana biyu ina kashe wuta da ganye tare da mutanen ƙauye, gashin girata ya ƙone, kuma da aka bi sawu sai aka tarar wasu matafiya ne suka dafa shayi suka tashi ba su rufe toka ba. Ba mugunta suka yi ba, sauri suke.

Don haka ku share fili taku uku kowane gefe har sai kun ga ƙasa tsirara. Ku haƙa ɗan rami, ku jera duwatsu. Ku zo da gawayinku ko ƙaramar tukunyar gas daga gida, kada ku sari ko reshe ɗaya, gandu ne, tara za a ci ku kuma da gaskiyar mai cin. Kafin barci a zuba ruwa, a rufe da ƙasa, a sa bayan hannu a ji ko da sauran zafi. Mai shan taba a cikinku ku sa masa ido fiye da yadda za ku sa wa dila.

Kada ku sauka cikin ƙorama ko da ta bushe, kada ku sauka dab da rijiya ko tabki inda dabbobi ke sha, kada ku kwanta gindin kuka mai kogo, ƙudan zuma da maciji duk suna son ta. Ku isa tun rana na sama ku ga wurin da idonku. Leda da gwangwani kuma ku dawo da su, akuyar mutane na cin leda ta mutu.

Hajiyar Birni: Baba ka manta ɗaya. Gindin tsamiya da magariba. Ni dai ba ruwana, na faɗa.

Malam na Garin Malam: Hajiya, addu'ar da na kawo ta game har da masu tsamiyar.

Ƴar Jami'a: Tambaya ta gaskiya: mata fa? Mu ma muna so. A jami'a mun yi fita ta karatu, mun kwana a ƙauye, ba abin da ya faru.

Ɗan Miriya: Yanzu kuma an zo wurin.

Hajiyar Birni: Bar ta ta yi magana, mutumin Miriya. Ƴata, in za ki ji tawa, ba cikin tawagar samari biyar ba. Ku haɗa taku ta iyali, da yayyenku da ƙannenku da wata babba. Mu da muna yara ai muna bin iyayenmu mata ƙauye lokacin kaka, mu kwana a waje bisa tabarma, ana tatsuniya har wuta ta mutu. In don wannan ne, ni ma sai in bi ku, amma da katifata, kuma mota ta tsaya kusa da kaina.

Ƴar Jami'a: Hajiya da ta fara da dariya ga ta tana neman wuri a mota.

Hajiyar Birni: Rakiya zan yi, ba sha'awa ba.

Direban Kat-kat: Maganar tanti kuma, kada ku ɓata kuɗi. Irin na ƴan yawon buɗe ido da ake sayarwa gwanjo, rabinsu zif ɗin ya mutu, kuma ƙarangiya na huda ƙasansu dare ɗaya. Babban bash ɗaya, igiya, tabarmi, sange, bargo mai kauri ga kowa. Sanyin Disamba a fili ba irin na cikin gari ba ne, wajen asuba sai ka ji kamar an zuba maka ruwan randa. Na taɓa kai wasu baƙi daji, motar haya ce, mai ita ya rantse mini taya ta biyu lafiya lau, muka yi faci cikin ƙaya muka tarar ba iska a cikinta. Mun kwana inda ba mu yi niyya ba. Tun ranar nake duba taya da jak da idona. Ku ma ku duba, kuma ku bar wa wani a gida sunan wurin da za ku sauka da lokacin da za ku dawo.

Ɗan Kasuwar Dole: Ni dai har yanzu Yankari nake ba da shawara. Takeita zomo za ku gani, zomo kuwa akwai shi a kasuwa.

Tsohon Malamin Daji: Alhaji, kai ma biri ka gani, shi ma ya gan ka.

Ɗan Zango: To jama'a, na tura wa abokaina duk abin da aka rubuta. Biyu sun yarda da Takeita, ɗaya ya ce Yankari ko ba komai, ɗaya kuma tunda ya karanta maganar kububuwa bai sake amsawa ba. Mun tsai da dare ɗaya, Asabar ta ƙarshen Disamba, in malaman daji sun ba da izini. In ta yi kyau, Yankari a hutun Maris. W kuma muna roƙon Allah ya kawo zaman lafiya mu je da Baba ya nuna mana tsamiyoyin nan.

Tsohon Malamin Daji: Amin. In ƙafafuna sun kai lokacin. Ranar Litinin ka same ni bayan la'asar in raka ka ofishin, akwai yaran da na koya wa aiki a can. Ka zo da sunayenku biyar a rubuce da lambar motar.

Shugaban Zaure: An gode wa kowa. A riƙa sanar da mu yadda ake ciki, kuma hotuna a turo bayan an dawo, ba lokacin da ake can ba.

Hajiyar Birni: Ɗan Zango, ka gaya wa innarka yau, ko ni in gaya mata gobe a gidan suna.

Ɗan Zango: Yau ɗin nan, Hajiya. Wa ke da babbar tukunya da zai ara mana?